Muhawara: Me ya haɗa injin jirgin sama da sanƙarau da kasafin kuɗi?

Malam Aminu, Kongo

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Akwai wata shawara da wasu daga cikinmu muke juyawa, kuma ina so in ajiye ta a nan domin masana su tankaɗe ta kafin mu rubuta ta a matsayin neman tallafin bincike daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Muna so mu haɗa fannoni huɗu a aiki guda: sarrafa kuɗin gwamnati, da injiniyancin jiragen sama, da ilimin gano tangarɗar na'ura tun ba ta yi muni ba, da kuma cututtuka masu yaɗuwa. Tambayarmu ita ce, shin lissafin da injiniyoyi suke gane cewa injin jirgi ya fara ciwo da shi zai iya taimakawa a gane ɓarkewar sanƙarau da wuri, sannan a ɗaura sakin kuɗin gaggawa a kan wannan ganewar?

Dalilin da ya sa muke ganin Zariya ce ta dace da aikin a fili yake. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, ga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da aka kafa a 1964, ga asibitin koyarwa a Shika, ga cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta a Saye, ga mu a Kongo muna koyar da harkar mulki da kuɗi. Duk da haka, wani babba da muka nuna wa takardar ya ce wannan gayya ce kawai, ba bincike ba. Ina neman a faɗa mana gaskiya.

Injiniya Habibu, Palladan

Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Bari in fara bayyana yadda aikinmu yake, domin waɗanda ba injiniyoyi ba su san abin da za su yanke wa hukunci. Idan muna so mu gane tangarɗa, mukan gina lissafin da yake kwaikwayon lafiyayyen inji, wanda zai gaya mana cewa a wannan tsawon sama, da wannan gudu, da wannan yawan mai, zafin iskar da take fitowa daga bayan inji ya kamata ya kai kaza. Sannan mu duba abin da na'urar awo take nunawa a zahiri. Tazarar da take tsakanin abin da ake tsammani da abin da aka gani ita ce duk jarinmu. In tana yawo a kusa da sifili, lafiya lau. In ta fara karkata gefe guda tana ƙaruwa, akwai magana.

Kayan aikin ma ba sababbi ba ne. Rudolf Kalman ya buga dabararsa ta tace awo mai hayaniya a 1960, kuma da ita aka yi amfani wajen jagorar kumbon Apollo zuwa wata. Kafin shi, a 1954, wani masanin ƙididdiga a Ingila mai suna Page ya fito da dabarar tara ƙananan tazarori a kan juna har su nuna canjin da ido ba zai gani a rana guda ba. An yi ta ne domin sa ido kan ingancin kaya a masana'antu, amma tuni masu lura da cututtuka a ƙasashe da dama suka are ta. Saboda haka ni ban ga gayya a nan ba, domin lissafin iri ɗaya ne, abin da ake aunawa ne ya bambanta.

Dakta Rabi, Shika

Injiniya, na gode da wannan bayani, amma ina so Malam Aminu ya san cewa mu ma ba a duhu muke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ajiye mana iyaka a kan sanƙarau. A ƙa'idar da aka sabunta a 2014, idan aka sami mutum 3 da ake zargin sun kamu cikin kowane mutum 100,000 a mako guda, an shiga matakin faɗakarwa. Idan suka kai 10, an shiga matakin annoba. Duk jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da ya san aikinsa ya haddace wannan. Ba ya buƙatar kwamfuta, biro da takarda sun ishe shi.

Ku dubi abin da ya faru a annobar da ta taso daga Zamfara. An fara ganin masu cutar a watan Disamban 2016, amma sanarwar ba ta isa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ba sai a watan Fabrairun 2017, kuma kafin ƙura ta lafa an ƙirga fiye da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Wannan jinkirin ba daga ƙarancin lissafi ya zo ba. Labari ne bai taso daga ƙauye a kan lokaci ba, sannan ko da ya taso, dole a ɗebi ruwan ƙashin baya, a kai shi ɗakin gwaji bai lalace ba, a tabbatar da nau'in ƙwayar cutar, domin kwamitin duniya da yake riƙe da ajiyar allurar gaggawa, wanda aka kafa a 1997, ba ya sakinta sai da wannan shaida. A waccan shekarar nau'in C ne, alhali allurar MenAfriVac da aka yi wa jama'a tun daga 2011 nau'in A kaɗai take karewa. Wane lissafi ne zai ɗebi ruwan nan ya sa shi a mota?

Farfesa Garba, Samaru

Na karanta duka, kuma ko da yake ba ni ne babban da Aminu ya ambata ba, na fahimci abin da ya tsorata shi. Mun sha ganin takardun neman tallafi da aka cusa wa fannoni da yawa don kawai masu tantancewa suna son jin an ce haɗin gwiwa, sai kuɗi ya fito kowa ya ja rabonsa ya koma sashensa, a ƙarshe a ɗinke rahotanni huɗu da ba su san juna ba a sa musu bango ɗaya. Akwai kuma matsalar ɗalibi, wanda shi ne zai yi ainihin wahalar. A wane sashe zai yi rajista? Wane ne zai zo daga waje ya jarraba kundinsa? Mai jarrabawa daga injiniyanci zai ce lissafin ya tsufa, na likitanci zai ce ba a taɓa majiyyaci ba.

Ina kuma tunatar da ku cewa binciken sanƙarau yana da tarihi a garin nan. Brian Greenwood ya zauna a wannan jami'a daga 1970 har zuwa 1980 kafin ya koma Gambiya, kuma aikin da shi da abokansa suka yi a kan yadda cutar take bin lokacin rani da zafi har yau ana komawa gare shi. Abin da ya ba aikinsu ƙarfi shi ne tambayarsu ƙarama ce, kuma samfurinsu daga gadon asibiti ya fito. Ku rage tambayarku.

Nura, ɗalibin digiri na biyu

Allah ya gafarta malamai, ina da tambaya. Idan iyakar mutum 3 da mutum 10 tana nan, me zai hana a saukar da ita ƙasa kawai domin a riƙa ganewa da wuri, ba tare da an shiga dogon lissafi ba?

Injiniya Habibu, Palladan

Nura, tambayarka ita ce ƙashin bayan fanninmu gaba ɗaya. Duk lokacin da ka saukar da iyaka, za ka kama matsalar gaskiya da wuri, amma za ka yawaita ƙararrawar ƙarya, kuma ƙararrawar da take yawan kaɗawa a banza ƙarshenta mutane su daina kula ta. In kuma ka ɗaga iyakar, za ka sami kwanciyar hankali har ranar da abin zai wuce ka. Babu iyakar da take kawar da duka biyun. Abin da ake yi shi ne a auna tsadar kowane kuskure a zaɓi wanda za a iya ɗauka.

Amma maganar Dakta ce ta fi tsaya mini, domin mu ma ta cije mu. Jiragen Boeing 737 MAX biyu da suka faɗi, na Indonesiya a watan Oktoban 2018 da mutum 189, da na Habasha a watan Maris na 2019 da mutum 157, suna ɗauke da wata manhaja da take tura hancin jirgi ƙasa idan ta ga ya ɗaga da yawa. Manhajar tana karɓar labari daga na'urar awo guda ɗaya tak a lokaci guda, alhali jirgin yana da biyu. Da na'urar ta ba da awon ƙarya, manhajar ta yi aikinta daidai yadda aka tsara ta, a kan labarin da ba gaskiya ba. Haka jirgin Air France da ya faɗa Tekun Atlantika a watan Yunin 2009 da mutum 228, ƙanƙara ce ta toshe bututun awon gudu, matuƙa suka rasa wane labari za su gaskata. Darasin da muka ɗauka shi ne kada a taɓa dogara da majiya ɗaya a abin da rai ya rataya a kansa. A kan sa biyu ko uku, a riƙa kwatanta su, in ɗaya ta saɓa wa sauran a san ita ce mai ciwo. Dakta, ku majiya nawa kuke da ita a kan sanƙarau?

Dakta Rabi, Shika

A aikace, ɗaya ce: rahoton mako-mako da yake tasowa daga ƙaramin asibiti zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa Abuja. An inganta tafiyarsa da SORMAS, manhajar aika rahoton cututtuka, amma manhaja ba ta ganin yaron da aka kai wurin mai kemis ko mai maganin gargajiya, ko wanda ya rasu a gida aka yi masa sutura kafin la'asar. Kuma rahoton da ya zo da sifili yana iya nufin babu cuta, yana iya nufin ma'aikacin bai zo aiki ba. A takarda kamanninsu ɗaya.

Inda muka taɓa samun majiya ta biyu shi ne a yaƙi da shan-inna. Ban da neman yaran da ƙafarsu ta shanye farat ɗaya, an fara ɗiban ruwan kwatami a Kano a 2011 ana gwadawa, kuma ruwan yakan nuna ƙwayar cutar tana yawo a unguwa ko da ba a ga yaro ko ɗaya da ya gurgunce ba. Wannan yana cikin abin da ya ba da ƙarfin gwiwar ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da shan-inna na daji, wato nau'in asali wanda ba daga rigakafi ya samo tushe ba, a watan Agustan 2020. In da bincikenku zai tsaya a kan wannan tambaya, wato wace majiya ta biyu ce za ta iya tona asirin rahoton da ya yi shiru ba bisa gaskiya ba, da na sa hannu yau. Ana iya duba cinikin wasu magunguna a kemis, da yawan kwanciya a asibitocin kuɗi, da awon hazo da bushewar iska daga tauraron ɗan'adam. Sai dai in ja kunne a kan na ƙarshen: hazo yana gaya maka lokacin haɗari ya zo, ba ya gaya maka wace gunduma ce za ta kama.

Hajiya Bilki, Tudun Wada

Ni aikina binciken kuɗi ne, kuma tun ɗazu nake jira wani ya faɗi abin da ya fi damuna. Mu ma muna da namu dabarun gano tangarɗa. Akwai ƙa'idar Benford, wadda aka buga a 1938, da take nuna cewa a jerin alƙaluman da suka taso da kansu, kusan kashi 30 cikin 100 da lamba 1 suke farawa, ba kashi ɗaya cikin tara ba kamar yadda mutum zai zata. Wanda ya zauna ya ƙirƙiri alƙaluma da ka yakan saɓa wa wannan tsari bai sani ba. Haka kuma da aka fara kwatanta jerin masu karɓar albashi da lambar BVN, ma'aikatan bogi da yawa sun fito fili, kuma wannan ita ce majiya ta biyun da Injiniya yake magana a kai.

To amma ga bambancin da nake so a rubuta da manyan baƙi. Na'urar awon jirgi tana iya lalacewa, amma ba ta da wata riba a yin ƙarya, kuma ba ta sanin ana sa mata ido. Mutum yana da riba, kuma yana koyo. Ranar da ɓarawon biro ya ji labarin Benford, daga ranar alƙalumansa za su fara bin ƙa'idar. Malam Aminu yana so a ce da zarar adadi ya kai iyaka kuɗi su fito kai tsaye. Ina tabbatar masa cewa a wasu wurare adadin zai riƙa kai wa iyakar nan daidai lokacin da aljihu ya bushe. Kowa ya san rijiya ba wurin wasan makaho ba ce.

Malam Aminu, Kongo

Hajiya, wannan suka ce mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Amma bari in nuna ɗaya gefen, domin tsarin da muke ciki yanzu ma yana da tasa tsadar. Sanƙarau yakan taso daga wajen Disamba, ya yi ƙamari a Maris da Afrilu, ya lafa da saukar damina. Wannan shi ne daidai farkon shekarar kasafi, lokacin da takardun sakin kuɗi suka fi tafiyar hawainiya. Tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya, wato tara kuɗin gwamnatin tarayya a asusu guda, a 2015 an toshe ɓaraka da yawa, ba na musu, amma an kuma tsawaita hanyar da naira take bi kafin ta isa hannun wanda zai sayi man babur ya kai samfuri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, kuma kashi 5 cikin 100 na wannan kuɗin na agajin gaggawa ne, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa shi. Alkawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, kowa ya san inda ya kwana.

Abin da nake tunani bayan jin maganarki shi ne a raba sakin hawa-hawa. Idan an kai matakin faɗakarwa, abin da zai fito ƙaramin kuɗi ne wanda bai kai a yi ƙarya dominsa ba, kuma na aiki ɗaya ne kawai: ɗiban samfuri da kai shi ɗakin gwaji. Babban kuɗin, na jigilar allura da alawus ɗin masu yi, ba zai motsa ba sai sakamakon gwaji ya fito, kuma ɗakin gwajin ba ya ƙarƙashin wanda ya kawo rahoton. Ko nawa ne wannan ƙaramin kuɗi, kuma ƙararrawar ƙarya nawa baitulmali zai iya biya a shekara domin ya tsira daga annoba guda, wannan tambaya ce da ba likita kaɗai zai amsa ba, ba kuma akanta kaɗai ba.

Dakta Rabi, Shika

Hajiya tana tsoron a ƙara adadi, ni kuwa abin da na fi gani shi ne a rage shi. Ƙaramin ma'aikaci ya san cewa idan ya rubuta annoba ta ɓulla a yankinsa, tambayar farko da za a yi masa ita ce ina yake har abin ya kai haka, kuma akwai shugabannin da ba sa son a ji sunan yankinsu a rediyo da irin wannan labari. Shi ya sa ake jira a gani ko zai lafa da kansa.

Injiniya Habibu, Palladan

To a nan ne nake ganin harkar jiragen sama tana da abin bayarwa da ya fi lissafi. Ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya a kan binciken haɗari ta ce manufar binciken ita ce hana aukuwar wani, ba ɗora laifi ba. A Amurka kuma tun 1976 akwai tsarin da matuƙi ko makanike zai kai rahoton kuskurensa a asirce, kuma da gangan aka damƙa shi ga hukumar NASA, ba ga hukumar da take da ikon ƙwace lasisi ba, domin mutane su saki jiki. Ana cire sunan mai rahoton kafin a shigar da rahoton cikin rumbun bayanai. Ko irin wannan zai yi aiki ga ma'aikacin lafiya a Giwa ko Soba, inda kowa ya san kowa, ban isa in yanke ba, amma abu ne da za a iya gwadawa a auna.

Hajiya Bilki, Tudun Wada

Rabon hawa-hawa ya rage mini damuwa, bai kawar da ita ba. Ƙaramin kuɗi a Abuja babba ne a ƙauye. Sharaɗina shi ne duk fitar da aka yi a matakin farko a ɗaura ta da lambar samfurin da ya isa ɗakin gwaji, ta yadda odita zai iya ajiye takardar kuɗi da rajistar gwaji gefe da gefe.

Farfesa Garba, Samaru

Yanzu kun fara magana. Abin da kuka shigo da shi fannoni huɗu ne suna neman dalilin zama tare. Abin da ya rage a hannunku tambaya ce guda mai rassa uku: yadda za a gane rahoton da ya yi shirun ƙarya, da inda za a ajiye iyaka idan an sa tsadar kuskure a ma'auni, da yadda za a saki kuɗi ba tare da an saya wa kai ƙarya ba. Shawarata ita ce ku cire kalmar jirgin sama daga kan takardar, ku bar Habibu a cikin tawaga. Ku ɗauki cuta ɗaya, da ƙananan hukumomi kaɗan na arewacin jihar Kaduna, ku nemi rahotannin mako-mako na shekarun baya, ku gwada dabararku a kansu ku ga ko da ta riga iyakar mutum 3 kaɗawa, da mako nawa, kuma sau nawa da ta kaɗa a banza. In ba ta riga ta ba, ku rubuta haka ku buga, shi ma sakamako ne. Ku kuma tuna cewa tun 2024 Najeriya ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, saboda haka yanayin cutar na gaba ba lallai ya yi kama da na baya ba, kuma lissafin da aka horar da tsofaffin alƙaluma yana iya rikicewa.

Asusun da kuke neman kuɗinsa a kan harajin ilimi aka gina shi, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni a 1993. Masu tantancewa suna da haƙƙin su tambaye ku wace hukuma ce za ta yi amfani da abin da kuka gano, don haka ku sami takarda daga ma'aikatar lafiya ta jiha kafin ku miƙa.

Nura, ɗalibin digiri na biyu

Ranka ya daɗe, idan za a buƙaci wanda zai shigar da tsofaffin rahotannin cikin kwamfuta, ina so a sa sunana. Amma a wane sashe zan yi rajistar?

Dakta Rabi, Shika

Ka bari a sami bayanan tukuna, Nura. Malam Aminu, babu wanda zai ba ku rahotannin nan sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kuma sai an cire sunaye da adireshin marasa lafiya. Ku turo mini daftarin bayan kun gyara shi yadda Farfesa ya ce, ni zan rubuta sashen da ya shafi samfuri da ɗakin gwaji, Hajiya kuma ta duba na kuɗin kafin ya bar hannunmu.